Ido Ba Mudu Ba

A tudun Valparaiso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gangaren dutse,
yayana Eleuterio ya shekara arba'in yana warin fenti.
Farcensa shuɗi, gemunsa da ɗigon rawaya,
ko burodi ya gutsura sai ya bar masa launi.

Ni kuwa Fresia, autar gida,
baƙin akwati nake ratayawa a wuya.
Yakan ce, "Aikinki ƙiftawar ido ne.
Ki danna, inji ya haɗiye haske, ki ce kin haifa?
Ɓarawo ma ɗauka yake, ba a kiransa magini.
Ni sai na dama launi da mai,
in yi wata uku ina lallashin hanci ɗaya."

Ban gaya masa ba
cewa asuba goma sha ɗaya na tsaya a bakin teku,
sanyi na cizon gwiwata,
ina jiran Mama ta manta da ni.
Muddin ta san ina nan sai ta gyara ɗankwali,
ta ɗaura fuskar zuwa coci.
Ran na sha biyu gajimare ya yage kaɗan,
rana ta zubo kan teburin fiɗar kifi,
wani tsuntsun teku ya fizge mata kan kifi guda,
ta ɗaga wuƙa tana surfa masa zagi,
dariya na kokawar ƙwace zagin daga bakinta.
Nan na danna.
Da na yi gaggawa da numfashi ɗaya, da babu kowa a takardar.

Shi ma ya zana ta, ƙatuwa, ya rataye a falo:
tana zaune a kujera, hannuwa a cinya,
sumul kamar ba su taɓa sanin gishiri ba.
Ya share mata tabon ƙugiya a babban yatsa,
wai zane gyaran kuskuren duniya ne.
Mama ta duba, ta daɗe tana dubawa,
ta ce, "Kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa?"

Shekara biyu da binne ta, wuta ta hau tudunmu,
iska na tura ta daga rufi zuwa rufi.
Ta ci falo, ta ci kujera, ta ci matar nan mai santsin hannu.
Nawa ya tsira don bai da girma,
yana cikin jakata tare da kuɗin mota.

Da damina ta kama ya ƙwanƙwasa ƙofata,
hula a hannu.
Ya ce, "In na rufe ido na kira ta,
goshi yakan zo, baki ya ƙi.
Ara mini 'yar takardar nan taki."
Takarda ya ce. Na ji, na ƙyale.

Watansa biyar ke nan a ɗakin bayana.
Ya samo wuƙar, ya mayar da tabon a yatsa,
tsuntsun ma ya fito da rashin kunyarsa.
Bakin ne ya gagara:
in ya kama zagin, dariyar ta gudu,
in ya kamo dariyar, zagin ya mutu.

Amma ranar da na kai masa shayi, sai da na dafa bango.
Hotona baƙi da fari ne,
ga shi ya sa mata jan ɗankwalin nan
mai ƙunar dutsen guga a gefe,
wanda ni, mai tsayuwar asuba goma sha biyu,
na manta da shi sarai.

Jiya, bai ko juyo ba, ya ce,
"Ta yaya kika san lokacin?"
Na ce, "Kai ta yaya kake sanin shuɗi ya isa?"
Ya goge burushi a wandonsa.
"Ido ba mudu ba ne," ya ce, bai ƙarasa ba.

Can ya yi tari.
"Har yanzu dai inji ne.
Matso mini da fitilar, ki riƙe ta nan, daidai bakinta."