Da'irar Biro

Shekara ashirin da bakwai Baba yana tura keken gajiyayyu
tsakanin Safa da Marwa,
bakwai bayan bakwai,
har gwiwarsa ta dama ta cinye kanta.
Yanzu ƙarfe ne a ciki.
Ya ce, "Lantana, sun yi mini hinji kamar ƙofar shago."

Ranar sallama, likitar ta tsayar da ni a baranda.
Ƙarfe ba shi da jini, in ji ta,
ba ya kuka, ba ya kare kansa.
Ƙwayar cuta in ta lafe a jikinsa
sai ta yi gida, kamar gara a azara.
Ta zaro biro daga aljihu ta ba ni:
"In kin ga ja, ki zagaye shi."

Maƙwabtan Shari Mansur sun yi ta zuwa,
wannan da man zaitun, waccan da habbatus sauda.
Na yi godiya, na jera su a kan firij.
Hannuna ya tsage don wanki.
Baba ya roƙi in ɗiga masa Zamzam a ɗinkin,
na cika kofi na miƙa:
"Sha, Baba. Ta ciki ma zai isa."

Dare na tara,
na'urar sanyi tana tari a bango,
na ga shi gefen zare na huɗu,
ja, bai kai kwabon riyal ba,
da ɗumi kamar bayan tukunya.
Na zagaye shi. Na zauna.
Ban taɓa gadin abu ƙarami haka ba.

Kafin kiran asuba ya tsallake layin
da faɗin ƙwayar shinkafa.
Baba yana rawar ɗari yana cewa gobe ma rana ce.
Na buga wa Ila mai tasi.

Sun tsotse ruwa da allura, sun buɗe, sun wanke.
Ƙarfen zai zauna, in ji su, don kun zo da wuri.
Sauran sati shida na magani ta jijiya,
da jira.

Yau ni ke tura shi a dogon barandar asibiti,
shuɗin biro bai gama gogewa daga fatarsa ba.
Bai waiwayo ba ya ce,
"Sassauta a kwana, yarinya.
Mutum kika ɗauko."