Mil Arba'in da Bakwai

Ranar Juma'a nake ɗaure jakar gari:
harajin gidaje, kuɗin famfo,
tarar da Orville ya biya da karensa ya cinye kajin maƙwabci.
In ɗora ta a kujerar gefe, in ja mata bel
kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Mil arba'in da bakwai ne zuwa banki.
Namu ya rufe shekara shida ke nan.
Tayoyin tarakta ake sayarwa a ciki yanzu,
ɗakin ƙarfen da kuɗin Halvern ke kwana a da
Delbert ya cika shi da gwangwanayen giris.

Ga kuma ƙungiyar ajiya da rance,
taku talatin daga ƙofar ofishina.
Iyayenmu suka kafa ta da cinikin masara
shekarar da babu mai ba manomi bashi a wannan yanki na Nebraska.
Can albashina ke sauka.
Can na ranci kuɗin rufin ɗaki.
Marlys ce a bayan kanta, benci ɗaya muka zauna a firamare,
ta san sa hannuna ko a duhu.
Nawa, hannu biyu take sawa ta karɓa.
Na gari kuwa, sai ta kai hannun baya.

Lauyan gari ya fassara mini sashen:
ƙungiya ta mambobi ce,
gari kuwa ba mutum ba ne,
ba shi da ranar haihuwa, ba ya ɗaga hannu a taro.

Ban raina doka ba.
Wanda ya rubuta ta ya taɓa ganin ma'aji
ya ba ɗan'uwansa ajiyar jama'a, an wayi gari ba ajiya ba ɗan'uwa.
Kuɗin hukuma garwashi ne, dole a san kaskon da za a zuba shi.
Tambayata ɗaya: wa ya taɓa namu kaskon ya ji ya tsage?

Na je majalisa, an ba ni minti uku.
Mutumin bankuna ya miƙe da taye ruwan toka:
wa zai ba da jingina kan abin da ya haura inshora?
Su da ba sa biyan harajin da muke biya?
Marlys ta ɗaga takardun jinginar, ba wanda ya waiwaya.
Aka ce sai zama na gaba.

Juma'ar da ta biyo, ƙanƙara ta shafe layin titi.
A mil na sha tara mota ta juya da ni, ta kwanta a rami.
Na rungume jaka, ina ƙirga numfashina a gilashi,
har fitilar wata tarakta ta ɓullo,
wadda Arlo bai gama biyan ƙungiya bashinta ba.
Ya ɗaura sarƙa, ya ja ni, ya ja baitulmali.

Huɗu da kwata na isa. An rufe.

Dala dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da shida
suka yi Asabar da Lahadi a ƙarƙashin gadona,
cikin kwalin takalmin marigayi mijina.
Na bi littafin doka shafi-shafi har asuba.
Ban ga sashen da ya hana ba.