Warin Kifi a Kaase

Sidiku, bar wayarka a bakin ƙofa.
Ashanar da ke aljihunka ma, na ji motsinta.
Nan gidan katifa ne,
shekara goma sha bakwai ke nan
makullin ɗakin nan yana rataye a ƙuguna.

Ka ga shuɗin durom na can lungu?
Ruwan cikinsa garau, ka rantse na famfo ne.
Amin suke ce masa,
amma ba irin wanda ake shafawa a fuska ba.
Shi ke sa soso ya kumbura kamar ƙullin da ya kwana,
shi ke ba rabin Kumasi barci mai daɗi,
ni kuwa ya rage mini nawa.

Ka ji warin?
Kifi ne da ya wuni biyu a rana bai samu mai saye ba.
Yau yana tayar maka da zuciya, to, gode wa Allah.
Ranar da hancinka ya saba
ranar maigadinka ya yi barci.

Tururinsa ba ya tashi sama irin na tukunya.
Rarrafe yake yi,
ya bi daɓe, ya bi kwata, ya zurara ta ƙarƙashin ƙofa,
yana cigiyar tartsatsi guda.
Don haka buɗe taga kafin ka buɗe murfi,
kunna fanka, maƙala wa durom wayarsa ta ƙasa,
zuba a hankali, ba a tsere da shi.
Jarkokin asid kuwa, can ɗaya ɗakin.
Ba sa ga maciji.

Safar hannu tana da zafi, na sani.
Tabarau yana gumi, takunkumi yana matse hanci.
Nima na taɓa cewa minti biyu ne.
Daren nan, a mota zuwa Aboabo,
kowace fitila ta yi rawani shuɗi,
fuskar yaron mota ta zama hazo,
na miƙa masa sidi ashirin a madadin biyu.
Sai da gari ya waye duniya ta dawo da gefenta.

In ya fallatsa maka a ido, kar ka murza.
Ga famfo nan, taku shida, na ƙirga.
Rubu'in awa cur, ido buɗe, ruwa na gudu,
sannan asibiti, da takardar durom a hannunka.
In ya jiƙa riga, tuɓe ta, kunya ba ta gyara fata.
In ya zube, ga bokitin yashi.
In ya kama, ja tukunyar kashe wuta tana jikin bango,
in ya fi ƙarfinta, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Gariba mai walda, ka san shi,
wanda ke sallama da hannun hagu a Asawase?
Wofin durom aka kai masa ya yanka, za a yi murhu.
Ya girgiza, bai ji komai ba.
Babu durom wofi, Sidiku.
Ruwa ya tafi, numfashinsa yana nan.

Anjima Mame Akosuwa za ta leƙo,
tana son guda ɗaya ta tari ruwan sama.
Za ta kira ka ɗana, za ta ba ka ayaba.
Karɓi gaisuwar, hana ta durom.
Ta yi fushi da ƙafafunta ta koma gida.

In an tashi, wanka a nan, kayan aiki a nan.
Autata Larai, tun tana rarrafe,
hancinta take cusawa a wuyana in na dawo.
Rannan ta ce, Baba, yau ba ka warin kifi.

Ungo safarka.
A'a, duba ta tukuna, hura mata iska.
Ta huje a babban yatsa. Ɗauko wata.