Mai Ƙafa Takwas

A bayan tasha, Sabon Gari, inda kukan jirgi ya yi ƙaranci,
akwai ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai tari.
Nan Baba Jatau ya miƙo mini buroshi
wata shida kafin ya bar ni in taɓa sanda.
Ya ce wanda bai iya shara ba, bai iya bugu ba.

Teburin sinuka uku ne a ɗakin, kowa da halinsa.

Na bakin ƙofa, kafinta ya haɗa shi a Muciya.
Katako ne cikinsa, fenti ne adonsa.
Da rani mutumin kirki ne.
Damina na sauka sai ya sha danshi ya kumbura,
ƙwallo ta riƙa ratsewa hagu
kamar wadda ta hango mai binta bashi.
Mu cusa masa kwalin ashana a ƙarƙashin ƙafa,
ya yi mako guda yana faɗin gaskiya.

Na tsakiya ɗan birni ne, a tirela ya zo daga Legas,
gajere, mai faɗin aljihu,
ba ya kula ka sai ka jefa masa kwandala.
Ya haɗiye goma sha biyar, farar kaɗai yake amayarwa.
Shi ɗaliban Samaru ke so.
Su ɗora masa kwalbar lemo a kafaɗa,
Baba ya ɗaga gira ɗaya,
kwalba ta koma ƙasa.

Sai na ƙurya.
Falalen dutse biyar ne kwance a ƙarƙashin koriyar rigarsa.
Baba ya ce ƙarti goma sha biyu suka shigo da shi,
kuma tun ranar bai gusa ko da taki ba.
Aljihunsa matsattse, irin na attajirin da ya san wahala.
Ba ya karɓar sa'a. Sai ka iya.

Shi ake fara yi wa shara bayan asuba,
daga kai zuwa ƙafa, ba a komowa baya,
yadda ake shafa kyanwa, ana bin kwancin gashi.
Garin alli kan laɓe a gindin roba, sai ka bi shi da haƙuri.
Dutsen guga kuwa a gwada shi kan tsohuwar jarida tukuna;
in ta yi ja, a jira.
Rana na cin kore, don haka labule ba ado ba ne.
Kuma ba a zama a kansa,
ko da gajiya ta kai ka ina.

Ni na yaga shi.
Ranar wata Laraba, ina son in burge Ladidi mai ƙosai
da ke leƙe ta taga,
na soke sanda ƙasa, ƙyalle ya ce kyat.
Fanka ma sai da ta yi shiru.
Baba bai ɗaga murya ba.
Ya buɗe gwangwanin madara, ya zaro lanƙwasasshiyar allura,
ya ce, "Raunin da ka yi, kai za ka yi jinyarsa."
Dare uku ina ɗinki da fitilar hannu a baki.
Tabon na nan, kusa da aljihun dama,
ƙwallo kan ɗan yi tuntuɓe a kai, ta wuce.

Yanzu yana ta rufe wa Baba ido.
Jikarsa ke riƙo masa hannu zuwa benci kowace Asabar.
Sai ya ce in ba shi ja guda.
Ya tura ta da yatsa biyu, a hankali,
ya karkata kunne har ta tsaya.

"Tanimu, yau ba ka yi guga ba."

Babu wuta tun jiya, Baba.

"Gawayi ma an ɗauke?"