Bangon da Bai Gama Labari Ba

A Ƙauran Namoda, bayan layin dogo,
inda ciyawa ta fi jirgi yawan tafiya,
akwai wani gini marar rufi
mai farin bango guda, dogo kamar bashi.
Yaran yanzu sito suke ce masa.
Mu da muka ga jiya, silima muka sani.

Buhunan dawar Alhaji Barmo
su ke zaune a layin 'yan sule,
albasa ta gaje kujerun manya,
jemagu sun kama ɗakin inji, ba ko kwabon haya.

Labarin kuwa, kowa da bakinsa.
Tumba mai ƙosai, Allah ya jiƙanta, cewa take:
"Kowane daren Jumma'a bangon ga shina hwalkawa.
Ni dai na ji dariya, ɗiyana,
dariyar mutum ɗari, ga ƙohwa da kwaɗo."
Masu shayi suka ce aljanu ne.
Liman ya ce iska ce da ƙarancin karatu.
Direbobin Shinkafi ba su ce uffan ba,
sai dai ba mai ajiye mota a gindin bangon
in an sallame isha'i.

Ni na san Labbo.
Siriri, hularsa kullum a karkace,
yana naɗa zaren fim kamar mai yi wa jinjiri wanka.
Daren da hadari ya haɗo daga gabas,
saura taku uku jarumi ya ƙetare gada,
wuta ta ɗauke.
"A ba mu kuɗinmu! Labbo, ka ci amana!"
Ya hau tsani da filaya a haƙora,
ruwa na zuba, waya tsirara.
Haske guda muka gani, shuɗi,
ya fi duk wanda ya taɓa haska mana.
Daga ranar ba a sake yaga tikiti ba.

Ina kan tsamiya a lokacin,
ɗan shekara tara, ɓarawon kallo,
reshe na uku, inda ake hango rabin bango.
Ban taɓa biya ba.
Kuma da ni aka yi ihun a ba mu kuɗinmu.

An ce yana dawowa ne ya ƙarasa fim,
don mutum ba ya kwanciya da bashin mutane.

Bana, da gemu ya yi fari, gwiwa ta fara gardama,
na kai wa Nomau maigadi goro biyu
ya buɗe mini.
Na zauna kan buhu, na jira.
Ɓera ya wuce da harkarsa.
Gyare ya yi ta jan baƙi ɗaya.
Wata ya hau, ya zuba wa bangon nono.

Can tsakar dare wani abu ya ce ƙas,
sai kirrr, a hankali, daga sama bayana.
Ban waiga ba. Wa zai waiga?
Bangon bai nuna gada ba, bai nuna jarumi ba.
Inuwoyi ne, layi-layi, sun juya mini ƙeya:
rawanin Sarkin Fawa, kafaɗar Anaruwa mai gyaran keke,
kunnuwan Gado da muke yi wa waƙa,
da wata hula mai lanƙwasa hagu
wadda na san warinta tun ina goye.
Duk suna kallon gaba.
Duk suna jira, kamar ni.

Nomau ya ce inuwar buhuna ce,
ƙarar kuwa fankar injin niƙa ce ta makwabta.
Wataƙila.
Na dai ciro tsohon sule da na ɓoye a bakin aljihu
na ɗora a tagar tikiti,
na ce: Labbo, ga na reshe na uku,
ka yafe ihun.

Da safe babu sule.
Nomau ya rantse bai taɓa ba,
yana dariya, haƙoransa ja da gorona.

Har yau ban san ko jarumin ya ƙetare ba.