Kujerar Toivo

Daren Juma'a a Duluth, ɗakin ƙasan gidana,
murhun ɗumama gida na tari kamar tsohon mashayin taba.
Kujerun foka takwas, mu bakwai.
Tafkin can waje ya daskare har ya yi shiru,
dusar ƙanƙara ta binne motar Wendell har ƙugu.

Ƙa'idar gidan nan ni na rubuta ta
a bayan kwalin fiza, yau shekara goma sha ɗaya:
wanda ya makara a jera masa tsabar robarsa,
a raba masa karta kamar yana nan,
a kife ta ba a duba ba.
In zagaye ya iso kansa, ya biya harajin dole.
Kujera ba ta da baki, amma tana da aljihu.
Bayan hutun farko a kwashe, a rufe ƙofa.

Toivo ne. Kullum Toivo ne.
Shi ke tuƙa motar share ƙanƙara ta gunduma,
ya buɗe wa kowa hanya, shi ya makara a kanta.
Yakan shigo yana karkaɗe hula,
ya ƙirga abin da muka rage masa, ya ce, "Ɓarayin zaune."

Yau takwas ta wuce. Tara saura kwata.
Marlys ke miƙa hannu ta zari harajinsa,
ja biyu, shuɗi ɗaya,
tana yi tana kallon matakala.
Tulin ya rame kamar sabulu a hannun mai wanki.

Sai aka ƙwanƙwasa. Toivo bai taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Signe ce, 'yarsa, da hularsa a hannu,
warin asibiti na biye da ita.
Ta ce zuciya ce, ta kama shi a bakin gada,
likita ya ce zai tashi.
Da ya buɗe ido bai tambayi kowa ba,
ya ce, "Je ki zauna min, kada su cinye ni."

Orvil ya gyara tabarau, ya ɗauko kwalin.
Babu zancen wakili a nan, in ji shi.
In ta ci, wa ya ci? In ta faɗi, kuɗin wa?
Makin shekara fa, na uba ko na 'ya?
Ba mugunta ba ce. Orvil akanta ne,
kuma hannunsa na rawa, kwalin na rawa da shi.

Na karɓa, na nemi biro,
na ƙara layi a gefen da maiƙo bai ɓata ba:
wanda ya zauna a madadin wani ya zauna har ƙarshe,
kuɗi na mai kujera, suna na mai riƙe da karta.
Ba wanda ya ce to. Ba wanda ya hana.

Ba ta iya ba. Tana riƙe karta kamar wasiƙa,
Wendell na hango rabinta, yana mai da ido kan rufi.
Sau tara ana rabawa tana kifewa,
gadi ta zo yi, ba wasa ba.
A na goma ta tura duka tsakiya, ko uffan.
Muka dubi juna. Marlys ta janye.
Ni ma na janye, da sarakuna biyu a hannu, Allah na gani.
Orvil ne ya bi ta, don shi ba ya yi wa kowa ƙarya,
ya buɗe as biyu.
Ita bakwai da biyu, launi daban-daban.

Ta yi dariya har ta dafa tebur.
"Baba ya ce in na ga waɗannan kada in ji tsoro,
da su yake cin ku tun ina firamare."

Sha ɗaya da rabi ta tafi. Ta manta hular.
Na rataye ta a jikin kujerar, na kashe fitila.
Juma'a mai zuwa zan jera tsabarsa tun bakwai,
in raba masa biyu, in kife,
in ƙi duba agogo.