Littafin Mai Gadin Gandu

Shekara goma sha tara ina gadin gandun nan,
can bayan Daura, inda kwalta ke sallama.
Ko akuya ta ci ganye, sai na rubuta.

Bana aka kawo su, mota biyu,
samari ashirin da huɗu da kwalbar maganin tari ta cinye,
da wata likita, Zulai, mai takarda da hatimi.
Ta ce daji zai yi musu magani.
Na ce, to, shi dajin wa zai yi masa?
Ta yi dariya. Ni ma na yi, don kara.

Sati na farko fakara ta bar kwari.
Sati na biyu hanya ta fito inda babu hanya,
sawu kan sawu, har gezar bakin rafi ta kwanta.
Kullum dare a hura wuta, a kewaye ta,
kowa ya faɗi abin da ke cin ransa.
Amma wuta ba ta cin hawaye, itace take ci.
Marke uku. Na ƙirga.
Ledar ruwa ta maƙale a ƙayar aduwa
tana kaɗawa kamar tutar waɗanda suka ci mu da yaƙi.

Na ɗauko biro zan kai ƙara.

Sai ga Lawandi, wanda ya zo hannu na rawa,
ko moɗa ba ya iya riƙewa,
tsugune gaban ramin damo tun hantsi har azahar.
Ya ce, Baba, dubi yadda wuyansa ke bugawa.
Ya ce ya manta rabon da ya kalli abu har ya gan shi.

Ɗana Isiya bai samu daji ba.
Ɗaki ya samu, da mari a ƙafa.
Ban faɗa wa likita wannan ba.

Ran tafiya suka dasa dogon yaro arba'in a layi,
aka ɗauki hoto.
Dogon yaro ba marke ba ne.
Marken da suka ƙona ya girmi ubana.
Sha ɗaya suka kama, ni ke kai musu ruwa a jarka.

Jiya fakara ta yi kuka wajen kwari, ɗaya tak.
An ce wata motar na tafe bayan girbi.
Shafin yana nan a buɗe:
na rubuta marke uku, na rubuta geza,
sai biro ya tsaya a kan sunan Lawandi.
Littafin gwamnati bai bar masa layi ba.